Ɗigo Ɗaya a Layinmu

Wanda ya shiga layinmu na unguwar Bani Malik a wancan lokacin, in ya dubi bangon hagu daidai ƙugun mutum, zai ga wani dogon baƙin zane ya miƙe tun daga ƙofar gidanmu har ƙofar mata ta masallaci. Hannun mahaifiyata Inna ne ya yi shi. Shekara tara ke nan da idonta ya tafi, kuma tun daga lokacin kullum sau biyu take bin bangon nan, azahar da la'asar, yatsunta a jikinsa, bakinta yana ƙirga. Taku ɗari da arba'in da biyu ne. Ta san inda na'urar sanyin maƙwabta take ɗigar da ruwa, ta san inda siminti ya fashe, ta san tagar mai tamis inda take tsayawa ta karɓi burodinta da zafinsa. Ba ta yarda a riƙe mata hannu. Sau ɗaya na gwada, ta make ni, ta ce ita makauniya ce, ba gawa ba.

Gidan na haya ne. Ina 'yar shekara shida aka zo da mu daga Damagaram muka sauka a cikinsa, a nan mahaifina ya rasu, daga nan aka kai ni ɗakin miji, nan kuma na dawo da auren ya ƙi. Mu biyu muka rage, ni da Inna. Ina ɗinkin abaya a ɗakin ƙasa, ina saro yadi a kasuwar Bab Makka, muna rufa wa juna asiri.

Wata safiya mai gidan ya zo da kansa. Balarabe ne, dattijo, bai taɓa yi mana wulaƙanci ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe wayarsa ya nuna mini wata taswira mai launi-launi. Ya ce baladiyya, wato hukumar birni, tana son sake tsarin unguwar, ta buɗe shafi a intanet don jin ra'ayin mazauna har tsawon wata guda. Inda yake ruwan ɗorawa gidajen zama ne, inda yake ja wurin kasuwanci ne. Na nemi layinmu na gani. Ruwan ɗorawa ne, amma an bi shi da jan zane-zane, alamar ana shawarar a mayar da shi ja.

Ya ce, "Ba zan ɓoye muku ba. In aka mayar da layin na kasuwanci, rushe gidan zan yi in gina shaguna. 'Ya'yana sun matsa mini. In an bar shi yadda yake, ku yi zamanku."

Ba kaina na tuna ba, keken ɗinki ko'ina aka ajiye shi zai yi aiki. Bangon nan na tuna. A fitar da Inna daga layin nan, an gama da ƙafarta, sai zaman ɗaki har mutuwa.

To, mu Hausawan layin muna da hanyarmu ta yin magana da hukuma, kuma ba jiya muka fara ta ba. Tun zamanin da kakanni suka iso ƙasar nan, wasu da takardu wasu babu, wasu ba sa jin Larabci, an san ba kowa ne zai je gaban ma'aikaci ya buɗe baki ba. Mutum ɗaya ake zaɓa, mai nutsuwa, mai tsabtar takardu, kowa ya ce masa, "Mun ba ka baki." Daga nan kuma an gama. Wanda ya bi ta bayan fage ya je ya yi tasa maganar, ya ci mutuncin wakili, ya kuma nuna wa duniya kanmu a rabe yake. A layinmu bakin nan yana hannun Kawu, yayan Inna. Shi ke zuwa wajen kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar nan, in an yi saɓani, shi ke karɓo takardar jana'iza, shi ke sabunta iƙama, takardar izinin zama, ta rabin tsofaffin layin. Fiye da shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa karɓar ko shayi a kai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, maza suka taru a mirkaz ɗin Kawu, dogayen kujerun katakon nan da ke ƙofar gidansa. Mu mata muna ciki muna jiyo su ta taga. 'Yan Nijar, 'yan Chadi, mutanen Sudan da ke ƙarshen layi, gida talatin da wani abu, kowa ya ce ya ba Kawu baki. Kwana huɗu ya yi yana rubutu. Ya fito da wasiƙa shafi huɗu cikin Larabci mai nauyi, irin na huɗuba, ya jera sunan kowane magidanci a ƙasa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Aka ɗauki hotonta aka tura a shafin da lambar iƙamarsa. Da ya zo ya karanta mana ita, wallahi sai da na yi hawaye. Inna kuwa sai gyaɗa kai take tana cewa, "Yaya ke nan." Muka koma harkokinmu da kwanciyar hankali.

Saura kwana uku a rufe shafin, ran Litinin, wata Balarabiya da nake yi wa ɗinki ta zo awo. Muna hira na ba ta labari, har da alfahari, na ce ai mu tuni muka tura namu. Ta ce in nuna mata. Na buɗe taswirar, ta sa yatsu biyu ta buɗa ta, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Ashe duk wanda ya bayar da ra'ayi, ɗigo ne yake fitowa a inda ya danna. Bakin babban titi, wajen masu shaguna da masu gidajen da ke son a mayar da wurin ja, ɗigo ya yi baƙi ƙirin kamar an zubar da gero. Na gangaro da ido layinmu. Ɗigo ɗaya tal, a kan rufin Kawu.

Ta ce, "Ina sauran naku?"

Na ce, "Ai duk muna cikin wancan."

Ta dube ni da tausayi, ta ce, "Habibti, wannan mutum ɗaya ne."

Ban yarda ba. Akwai lambar waya a ƙasan shafin, na kira. Wata mata mai ladabi ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce za a karanta wasiƙar, babu shakka, amma a lissafinsu ra'ayin mai shiga ɗaya ne, don da lamba ɗaya aka shigo. Duk mai son a ƙirga shi sai ya shiga da tasa lambar, za a tura masa lambar sirri a wayarsa, ya danna inda yake zaune ya rubuta abin da ke ransa. Ta ƙara da cewa ranar Alhamis ƙarfe biyar na yamma za a rufe.

Ni dai Allah ya yi ni da zuciya, kuma bakina ba ya jiran hankalina. Da ina da wayo, da na jira Kawu ya shiga gida, na durƙusa na gaya masa mu biyu, shi da kansa ya san yadda zai juya maganar. Ina! Na zari abaya ko maɓalli ban gama sawa ba, na nufi mirkaz. La'asar ce sakaliya, maza sun kai goma, ana zuba shayi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na miƙa wayar saitin fuskarsa.

Na ce, "Kawu, ka ga wasiƙar taka? Ɗigo ɗaya ce! Shafi huɗun nan da yatsun mutane duk a banza. Wannan zamanin ba a yi da wakili, kowa da kansa zai shiga. Mun zauna mun naɗe hannu, mutane sun cinye mu!"

Kawu bai dubi wayar ba. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Halas, shi ke nan. Mun ji." Wani dattijo ɗan Chadi ya ce, "Ke, 'yar nan, koma gida." Na juya, har yanzu ina ganin ni ce mai gaskiya.

Kashegari na bi gida-gida. Tabɗi! Ƙofar da na sha shiga ba sallama, ranar sai a leƙo a ce maigida ba ya nan. Wata ta ce mini a fili, "Mun riga mun ba Kawunki baki, so kike mu tsinka shi kamar yadda kika yi?" Wata ta ce ita ba za ta sa lambar iƙamarta a shafin hukuma don ta yi mata gardama ba, wa ya san inda maganar za ta tsaya. Na rantse mata hukumar ce da kanta ta ce a faɗa, ta ce to na gode, ta tura ƙofa. Na dawo na shiga da tawa lambar ni kaɗai. Ɗigo ya zama biyu.

Wadda ta fi ƙona mini rai Inna ce. Labari ya riga ni isa gida. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Mutumin da ya ɗauki gawar ubanki a kafaɗarsa, shi kika tsaya a kansa gaban maza." Daga nan ta ɗinke bakinta. In na ajiye abinci ta ci, in na yi magana ta juya fuska bango. Na ce, "Inna, don ke fa nake yi." Ta ce ba ta aike ni ba.

Ran Laraba na rufe ɗinki na tafi neman gida, don in san inda za mu faɗa. Abin da ƙarfina zai iya na samu a unguwar Aziziyya: ɗaki biyu a hawa na uku, ba lif, masallaci kuma sai an tsallaka titi mai hannu biyu. Na tsaya a bakin titin ina kallon motoci, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu.

Alhamis bayan azahar na kasa riƙewa. Na zauna a bakin gadonta, na daina yi mata gardamar wakili da zamani, na gaya mata gidan da na gano. Na faɗa mata yawan matattakalar, don na ƙirga, hamsin da huɗu. Na faɗa mata titin. Na ce, "Can babu bango, Inna. In muka je, sai dai ki yi sallarki a ɗaki." Da aka kira la'asar ta tashi ta bi bangonta, ta daɗe fiye da kullum. Tana dawowa, tun ba ta cire mayafi ba, ta ce, "Ɗauko wayar."

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna ne. Na sa lambar iƙamarta. Shafin ya ce an tura lambar sirri zuwa wayar da ke rajista da sunanta, ya nuna mini ƙarshen lambar wayar. Na dube ta, na sake dubawa. Ta Kawu ce. Tun rasuwar mahaifina shi ke riƙe da duk takardun Inna, kowane saƙo na hukuma wayarsa yake shiga. Ni 'yasu! Na kira, ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake kira, aka kashe.

Na ce, "Inna, zauna, yanzu zan dawo." Na fita da gudu.

Gidan Kawu yana gaba da masallaci. Bangon Inna a ƙofar mata yake ƙarewa, daga nan sai wani fili da motoci ke juyawa, sannan mirkaz. Na same su kamar ran Litinin, sai dai wannan karon durƙusawa na yi har ƙasa. Na ce, "Kawu, na yi laifi, ka yafe mini. Akwai saƙo a wayarka, lambar Inna ce. Don Allah ka karanto mini." Ya dubi gefe, ya ce, "Ai ke kin fi mu sanin zamani. Me za ki yi da wayar tsoho?" Na roƙe shi da Allah da Annabi. Ina ji a jikina mintunan lambar suna ƙarewa, shi kuma yana jan carbi.

Sai dattijon nan ɗan Chadi ya miƙe zumbur, ya ce, "Subhanallahi!"

Na waiga. Inna ce a tsakiyar filin. Ta wuce ƙofar masallaci, ta saki bango, ta shigo inda ba ta taɓa takawa ita kaɗai ba tun da idonta ya rufe. Hannunta na hagu yana sama yana laluben iska, tana jan ƙafa kaɗan-kaɗan, ta karkace ta nufi titi ba ta sani ba. Wata mota ta danna mata oda, ta tsaya cak, ta ƙanƙame jikinta. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar uwata ba sai ranar.

Kawu ya riga ni isa, ko takalmi bai sa ba, mutumin da gwiwa ke hana shi sauri. Ya kama kafaɗarta yana cewa, "Ke! Ke! Me ya fito da ke?"

Ta ce, "Yaya, ban zo rage maka girma ba. Bakina na zo ara. In na gama zan mayar maka."

Ya jawo ta a hankali ya zaunar da ita a kan mirkaz, inda mace ba ta taɓa zama ba, maza suka matsa. Ya zaro wayar daga aljihu, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Yalla, sake turowa." Na sake. Ya nisantar da wayar daga idonsa ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya. Shafin ya buɗe. Na danna kan rufin gidanmu, wani ɗan akwati ya fito na rubutu, na ce, "Inna, me zan ce?"

Ta ce, "Ki ce ni makauniya ce. Ki ce daga ƙofata zuwa masallaci taku ɗari da arba'in da biyu ne, bango nake bi, ba na wahalar da kowa. Ki ce in za su ɗauke bangon, su gaya mini abin da zan dafa."

Na juya shi Larabci ina hawaye. Kawu ya leƙo ta kafaɗata, ya ce na ɓata kalma ɗaya, ya gyara mini. Na tura. Ɗigo na uku ya fito.

Ya daɗe yana kallon taswirar, wannan ne karon farko da ya dube ta da kyau. Ya ga baƙin ɗigon bakin titi, ya ga namu uku. Sai ya ɗago ya ce wa mazan, "Jama'a, kun ba ni baki, na gode. Yau kowa ya karɓi nasa. Wanda takardarsa ke da kyau ya fito da waya." Saura minti talatin da biyar.

Abin da ya biyo baya hargitsi ne. Wani ya manta lambarsa, wani wayar tana hannun matarsa, wani lambar sirrin ta zo ya goge ta da kuskure. Wayar Kawu kuwa sai ƙara take, don tsofaffi bakwai duk a kanta suke. Ina tsugune a tsakiya ina rubuta wa wannan ina amsa wa wancan. Mutum biyu suka sulale, na san iƙamarsu ta ƙare, ban ga laifinsu ba. Wani ya ce kafilinsa yana da shaguna a bakin titin, ba zai iya ba, ya zauna yana kallonmu kansa a ƙasa. Ƙarfe biyar daidai ina tsakiyar rubuta wa wani mutumin Sudan shafin ya rufe. Mun kai goma sha huɗu.

Bayan wata biyar sakamako ya fito. Layinmu ya zama ja. Mai gidan ya ba mu wa'adi mai yalwa, ya ba mu haƙuri, muka kwashe. Ban san ko ɗigo talatin da sun canza wani abu ba, wataƙila ko ɗari ne haka za a yi. Amma na san kwana uku cur na ɓatar da bakina, kwanakin da Kawu zai iya tara layin gaba ɗaya da kalma guda in da na same shi a ɗaki. Wannan yana cina har yau, kuma ba wanda ya taɓa yi mini gorinsa, shi ya sa ya fi ciwo.

Muna Aziziyya yanzu, a hawa na ukun nan. Kawu ya koma wajen ɗansa, nesa da mu, amma duk Litinin da Alhamis yana zuwa kafin la'asar. Ya hau matattakala hamsin da huɗu da gwiwar nan tasa, yana hutawa a kowane hawa, ya sauko da ƙanwarsa. Ita da ba ta yarda a riƙe mata hannu, yanzu kafaɗarsa take dafawa su tsallaka titin. Sauran kwana biyar ɗin a ɗaki take salla. Ni ta ƙi kafaɗata, ta ce ina da gaggawa.

Saƙon da shafin ya turo ranar, mai cewa an karɓi ra'ayinta an gode, yana nan a wayar Kawu bai goge ba. Wani lokaci ta ce ya karanta mata, ya karanta, ta ce, "To, sun dai ji."

Kwanakin baya na bi ta Bani Malik a hanyata ta dawowa daga Bab Makka. Gidanmu ya zama shagunan waya guda uku, an yi wa bangon layin farin fenti tun daga farko har masallaci. Da na dawo ta tambaye ni ko zanen hannunta yana nan. Na buɗe baki, sai na tuna abin da bakin nan ya jawo mana, na yi shiru. Ta jira kaɗan, sannan ta ce in miƙo mata buta, lokacin salla ya yi.